Haɗin Strobarin da Ban Ɗanɗana Ba

Kafin ku fara zagina a ƙasan wannan rubutu, ku bari in kai aya. Na san na yi ƙarya. Wata bakwai ina yinta, kuma ba ni kaɗai ba, taron dangi muka yi mata a gidanmu.

Ga abin da nake ɓoyewa: shekara biyu ke nan ba na jin ɗanɗano, ba na jin ƙamshi. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ni sati uku, da ya tashi tafiya ya haɗa da hancina da harshena. Zuma da ruwan famfo duk ɗaya ne a bakina. Yaji kaɗai nake ji, shi ma zafinsa, ba daɗinsa ba. Ni da nake ta biyu a kicin ɗin wani babban otal, ni da ake kawo wa cokali in yanke hukunci. Ranar da na aika miya teburin baƙi babu gishiri ko ƙwaya, na cire rigar girkina na ninke, na dawo gaban Umma.

Akwai wanda yake nemana a lokacin. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce zai kira ni gobe. Har yau goben ba ta yi ba.

Shi ya sa da Mai Lambu ya fito neman aurena, Goggo, yayar babana, ta kafa doka.

"Shekara ashirin da tara, Auta. In kika sake buɗe bakin nan kafin a ɗaura, ni da ke ne. Baki shi ke yanka wuya."

"Goggo, in ya gane daga baya fa?"

"In ya gane, a ɗakinki zai gane. Ciwo ne, ba sata ba."

Mai Lambu strobari yake nomawa a cikin rumfunan leda, can bayan gari. Shi ke kawo wa otal ɗinmu a da. Wata rana na ɗauki guda na ciza, na ce masa, "Malam, ka cika ba su ruwa dab da tsinka, zaƙin ya tsinke." Ya tsaya yana kallona kamar na karanto masa sirrin gidansu. Ashe bai manta ba. Bayan shekara biyu ya nemo lambata, saƙonsa na farko shi ne: "Har yau ban samu harshe irin naki ba."

Kun ga inda matsalar take? Abin da ya biyo, shi ne ba ni da shi.

Duk sati sai ya aiko da ɗan kwali ya ce in ɗanɗana in faɗa masa. Umma ke ci, ni ke rubutawa. Ta lumshe ido ta ce, "Wannan zaƙinsa a makare yake zuwa, kamar baƙo mai kunya." In kwafe in tura. Ya turo mini fuskar dariya guda biyar, ya ce ya rubuta maganar a allon rumfarsa. Ranar ban iya cin abinci ba, ko da yake dama ci da rashin ci duk ɗaya ne a wurina.

To, ranar Asabar ya ce zai kawo mahaifiyarsa ta gan ni. Da safe saƙonsa ya shigo:

"Hajiya ta ce ba ta son a cika mata tebur. Haɗin nan naki na strobari da barkono take so, wanda kike yi a otal. Na ba ta labarinsa har ta gaji."

Salsa muke ce masa a wurin aiki. Ban gama karantawa ba wani ya faɗo:

"Zan zo da kwando biyu, iri biyu ne sababbi. Wanda kika zaɓa shi zan dasa a rumfa huɗu, jibi zan yi odar dashen. Ke nake jira."

Rumfa huɗu, jama'a. Noman shekara guda a kan harshen da ba ya aiki.

Umma ta ce kar in damu. Muna da tsarinmu a kicin, ni da ita. In na yi girki sai ta shigo kamar ta zo ɗaukar faranti, ta lakata ta ɗanɗana. Ta buga cokali sau ɗaya a bakin tukunya, a ƙara gishiri. Sau biyu, ya yi. In ta yi tari, tsami ya yi yawa. Wuta kuwa waya ke tsare mini ita: duk abin da na ɗora sai na saita ƙararrawa, tunda ko gidan zai ƙone hancina ba zai gaya mini ba.

Ƙarfe uku na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi mai ruwan madara. Umma ce ta fesa mini turare, ita ke lissafa mini: uku a riga, ɗaya a mayafi. Goggo ta juya ni gaba da baya kamar mai sayen akuya.

"Ki rage wannan tsuru-tsurun. Kamar wadda za a kai wa alƙali."

Na yanka burodi siriri-siriri, na shafa masa mai, na jera a tire na tura obin ya gasu, don da shi ake kwasar haɗin. Na saita minti goma sha biyu. Ina dannawa muka ji tsayuwar mota. Goggo ta miƙo hannu.

"Kawo wayar nan."

"Goggo, akwai..."

"Kawo! Uwar miji na shigowa kina riƙe da waya kamar 'yan matan titi? So kike ta ce an ba ta mai danne-danne?"

Ta fizge, ta danne maɓallin gefe har wayar ta mutu, fuskarta ta yi baƙi, ta jefa a jakarta. Na buɗe baki in yi bayani, sai ga sallama. A raina na ce zan riƙe lokacin a ka. Minti goma sha biyu ne, me zai gagara?

Hajiya doguwa ce, siririya, da farin gilashi da sanda mai kan azurfa da ba na jin tana buƙatarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana duban hannayena, ba fuskata ba. Mai Lambu ya shigo bayanta da kwando biyu, ɗaya an ɗaura masa jan zare, ɗaya shuɗi. Ya sa riga sabuwa fil, amma ƙasan farcensa akwai ƙasar da sabulu ya kasa. Wannan farcen na fi so a duk jikinsa, kar ku gaya wa kowa.

Aka yi gaishe-gaishe. Goggo ta fara jero halayena kamar mai talla: ba ta fita, ba ta da ƙawaye, girki kuwa ai sai dai a yi shiru. Hajiya ta bari ta kai tsakiya, sannan ta dogara sandarta ta miƙe.

"Ina kicin ɗin? Ni ban iya cin abin da ban ga yadda aka yi shi ba."

Umma ta yi zumbur. "Bari in raka ki, Hajiya."

"A'a, yi zamanki. Ki bar ni da 'yata mu saba."

Na ga fuskar Umma ta canza. Ta koma ta zauna a bakin kujera kamar an ɗora ta a kan ƙaya.

Kicin ɗinmu ƙarami ne. Teburin yanka na jikin taga, obin na bayan mai yanka, kusa da ƙofa. Na jawo wa Hajiya kujerar roba ta zauna a gefena, ta ɗora haɓa a kan sandar.

"Bismillah. Yi kamar ba na nan."

Kamar ba ta nan! Numfashinta ma ina jinsa a gwiwar hannuna.

Na fara da jar albasa. Na yanka rabi ƙanana-ƙanana, na zuba a ruwan sanyi.

"Wannan fa?"

"Don ya cire mata kaifi, Hajiya. In ba haka ba sai ta danne strobarin."

"Hmm."

Na tsaga koren barkono biyu, na kankare 'ya'yan guda ɗaya na bar na ɗayan. Na ɗiga a kan harshena. Wannan dai ina jinsa, ya cije ni daidai yadda nake so. Na wanke strobarin da ganyen hancinsa a jiki, don in ka cire kafin wanki ruwa yake sha. Na shanya a kan tawul, na tsane su ɗaya bayan ɗaya, sannan na cire ganyen na fara yankawa kamar ƙwayar masara. Hannuna bai manta komai ba. Wuƙar na tafiya, ƙas ƙas ƙas, har na ɗan ji ni ce ta da.

"Wanne kika ɗiba?" in ji ta.

"Rabi nan, rabi nan."

"Wanne ya fi zaƙi?"

Wuƙar ta tsaya. Na dubi ƙofa. Babu Umma, sai muryar Goggo daga falo tana ba Mai Lambu labarin yadda na yi ta ɗaya a aji uku.

"Zan faɗa in na gama haɗawa, Hajiya."

"To."

Gaskiya ina da 'yan dabaruna. Na jan zaren ja ne har wuya, cikinsa ma ja, ruwansa in ya fara bushewa a yatsa yana danƙo. Na shuɗin zaren ya fi girma da kyan gani, amma zuciyarsa fara ce, akwai ɗan rami a tsakiya, kuma wuƙa na ƙara in ta ratsa shi. Ido da yatsa sun ce mini na jan ya fi sukari. Amma sukari daban, daɗi daban. Wannan harshe ne kaɗai ke raba su.

Na tsame albasar na matse, na zuba. Na yayyanka ganyen na'ana'a na watsa. Na murza lemun tsami a kan tebur ya saki jiki, na matse ɗaya da rabi. Sai zuma. A nan ne ake ɗanɗanawa, a nan ne Umma ke shigowa ɗaukar faranti. A otal cokali biyu nake sawa. Na dubi farin cikin na shuɗin zaren, na ƙara rabin cokali.

"Gishirin fa?"

"Shi ne ƙarshe. In ya shiga da wuri sai ya janye ruwan strobarin, abin ya koma miya."

"Kin san aikinki," ta ce. Amma ba ta faɗe shi kamar yabo ba.

Na barbaɗa gishirin, na juya a hankali daga ƙasa. Kwanon gilashi ne, ja da kore da ruwan hoda suna ƙyalli a ciki. Na ɗebo a cokali na kai baki, na lumshe ido yadda Umma ke yi, na gyaɗa kai. Sanyi na ji, da laushi, da cizon barkono. Shi ke nan.

Da na buɗe ido na ga Hajiya ba ni take kallo ba. Bayana take kallo. Ta dawo da idonta kaina, ta sake mayarwa bayana. Ta yi haka sau biyu.

Sai idona ya fara yaji. Na ɗauka albasa ce.

"'Yata," ta ce a hankali, "juya."

Hayaƙi ne baƙi ke fita ta gefen murfin obin, ya riga ya taru a silin kamar hadari. Burodin! Na yi tsalle na kashe, na buɗe, ya bugo mini fuska. Na jawo tiren da tsumma, yankakken burodin nan ya koma gawayi, biyu ma har sun kama da wuta. Na jefa a wurin wanke-wanke na sakar masa famfo.

Takun gudu daga falo. Umma ce a gaba.

"Lafiya? Auta! Ƙauri har..."

Hajiya ta sa sandarta ta tokare ƙofa. "Lafiya lau. Burodi ne, ba mutum ba. Ku ba mu minti biyar." Ta tura ƙofar ta rufe, ta buɗe taga da kanta.

Na tsaya ruwa na zuba a kan gawayi, na kasa juyowa.

"Tun kina matsa lemun tsami nake jin ƙaurin nan," ta ce. "Na yi shiru in ga yaushe za ki ji. Taku biyu ne tsakaninki da shi."

Na kashe famfon.

"Kuma tun kafin nan na lura. Shekara goma sha ɗaya ɗana na noman abin nan. Ban taɓa ganin wanda ya yanka kwando guda bai jefa ko ɗaya a baki ba. Ma'aikatansa na sata, ni uwarsa ina sata, likitan da ya hana ni zaƙi ma da ya zo gidan sai da ya saci uku. Ke kin yanka arba'in kamar kina yanka sabulu."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, jama'a. Na zame na zauna a ƙasa da sabuwar rigata, na faɗa mata komai. Zazzaɓin, otal ɗin, wancan da ya ce zai kira gobe, cokalin Umma, dokar Goggo. Na faɗa mata har baƙo mai kunya.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ɗauki cokali mai tsabta, ta ɗebi haɗin ta ci. Ta tauna a hankali. Na kafe fuskarta da ido ina neman hukunci, ban samu komai ba. Ta sake ɗiba.

"Ciwon ba laifinki ba ne," ta ce. "Da shi kaɗai ne, da yanzu na fita na ce a sa rana. Amma yaron nan ya rubuta maganar uwarki a allo yana nuna wa mutane, yana cewa ga matar da zai aura. Jibi kuma zai zuba shekararsa a ƙasa a kan maganarki."

"Hajiya, don Allah..."

"Ba zan faɗa masa ba. Ba kuma zan zauna ina kallo a rufe shi ba. Ɗauki kwanonki." Ta miƙa mini tsumma. "Share fuskarki tukuna, akwai baƙi a goshinki."

Muka fito falo. Goggo na zare mini ido, tana taɓa leɓenta da yatsa. Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Na durƙusa na ajiye kwanon a gaban Mai Lambu, babu burodi, sai cokali.

Ya yi murmushi. "Kar ki damu, ni ma na taɓa ƙona injin ban-ruwa." Ya ɗiba ya ci, ya rufe ido. "Kai! Shi ne. Wallahi shi ne, har ya fi na da. To faɗa mini, ja ko shuɗi?"

"Ban sani ba."

"Auta!" in ji Goggo.

"Ban sani ba, don ban ji ɗanɗanonsu ba. Wannan da kake ci ma ban san yadda yake ba. Shekara biyu ke nan harshena da hancina ba sa aiki."

Goggo ta saki salati ta dafe ƙirji. "Zafin hayaƙi ne, ɗana, ba ta san abin da..."

"Yaya, ya isa," Umma ta ce. Tunda nake ban taɓa jin ta katse Goggo ba.

Cokalin na hannunsa, bai ajiye ba, bai kai baki ba.

"Saƙonnin fa?"

"Umma ke ci, ni ke rubutawa."

"Duka?"

"Na strobari duka. Sauran nawa ne."

"Baƙo mai kunya?"

Umma ta ɗaga yatsa a hankali kamar 'yar makaranta. Da a wata rana ce, da dariya za a yi. Babu wanda ya yi.

Ya dubi kwanon. "Wannan wa ya ɗanɗana miki?"

"Babu. Hajiya na zaune, ba wanda ya shigo."

"To ya aka yi kika san zumar da zai ci?"

Na faɗa masa. Farar zuciyar na shuɗi, ramin da ke tsakiya, ƙarar wuƙa, danƙon ruwan na ja a yatsa. Na ce ido da hannu sun ce na ja ya fi sukari, amma kar ya dasa rumfa huɗu a kan ido da hannu. Ya nemi mai harshe.

Ya jawo kwandon shuɗi, ya ɗauki guda ya raba da farcensa, ya daɗe yana duban cikinsa. Ya ajiye. Jijiyar gefen kansa na motsi.

"Wata bakwai," ya ce, ba da ni yake ba. "Da kin faɗa mini a wata na farko..."

Bai ƙarasa ba. Ya miƙe ya laluba makullinsa. "Hajiya, mu je."

Ya gaishe da Umma, ya gaishe da Goggo, ni bai dube ni ba. Hajiya ce ta dafa kaina da za ta wuce, ta ɗan danna, ban san ko lallashi ba ne ko ban kwana. Muka ji tashin mota.

Goggo ta fara. Ta ce na kashe kaina da kaina, ta ce manemi na biyu ke nan da na kora, ta ce daga yau ta cire hannunta. Ta zaro wayata ta wurgo mini a cinya. Umma ta tashi tana tattara kofuna don kar a ga idonta, sai ta tsaya cak a tsakiyar falo.

"Auta, ina kwanon?"

Muka dubi tebur. Ga kwando biyu, ga rabin strobarin da ya raba, ga zoben ruwa inda gindin kwanon ya zauna. Kwanon babu. Cokalin ma babu.

Na kunna wayar. Tana gama buɗewa saƙo ya shigo, minti biyu da suka wuce:

"Raina a ɓace yake, kar ki kira ni yau."

Wani a ƙasansa:

"Kwanonki na wurina. Hajiya ta hana ni ci a mota, wai nata ne."

A saman allon wayar kuma ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa.

Goggo, wadda ta cire hannunta yanzun nan, ta matso har mayafinta na shafar kunnena.

"Me ya ce? Ke, ɗaga wayar in gani, me yake rubutawa?"